Wa Ya Kamata Ya Riƙa Shirya Zaɓen Ciyaman Da Kansila?





An nemi in yi muku bayani a kan wata magana da kuka sha ji a rediyo, wato maganar gyara dokar zaɓen ƙananan hukumomi. Wasu suna cewa a karɓe zaɓen ciyaman da kansila daga hannun jiha, a mayar da shi Abuja. Wasu kuma suna cewa a bar shi inda yake, a dai gyara dokar jiha. Kafin mutum ya ce ga inda ya tsaya, gara ya fara sanin yadda abin yake.

Kada wani ya ce wannan magana ta 'yan boko ce. Tamu ce. A duk hawa uku na gwamnati, ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da mu. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa, da wasu hanyoyi da magudanan ruwa. Ya kuma ce tana da hannu a makarantun firamare da ilimin manya da kiwon lafiya da aikin gona. Idan kwalbati ya karye a hanyar da kake bi da amalanke zuwa kasuwar Dambatta ko ta Bichi, ba shugaban ƙasa za ka nema ba. Kansilan mazaɓarku za ka fara nema. Idan rufin aji ya yaye, ko asibitin sha-ka-tafi ya rasa magani, haka nan. To, wanda ya san ƙuri'arka ce ta kai shi kujera, zai tsaya ya saurare ka. Wanda kuwa ya san daga sama aka rubuto sunansa, sama zai riƙa kallo.

Hukumar zaɓe iri biyu ce a ƙasar nan. Mutane da yawa suna haɗa su, alhali ba ɗaya suke ba. Akwai ta ƙasa, wadda ake kira INEC. Ita ke yi mana rajista ta ba mu katin zaɓe. Ita ke shirya zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da sanata da ɗan majalisar tarayya da na jiha. Sannan kowace jiha tana da tata hukumar. Tamu ta Kano ita ake kira KANSIEC. Aikinta shi ne zaɓen ciyamomi 44 da kansiloli 484. Ba ta yin rajistar kanta. Da kundin INEC take aiki, shi ya sa kati ɗaya kake riƙewa ka je zaɓen duka biyu.

Wa ke naɗa mutanen hukumar jiha? Gwamna. Tsarin mulki ya ce shugaba ɗaya da mambobi daga 5 zuwa 7, gwamna ya zaɓo su, majalisar dokokin jiha ta amince. Ya kuma ce kada ɗayansu ya zama ɗan wata jam'iyya. Kuɗin da hukumar za ta yi aiki da shi, daga baitulmalin jiha yake fitowa. A nan ne gizo ke saƙa. Mutum ne ya naɗa alƙalin wasa, shi ke biyansa, kuma 'yan wasansa suna cikin fili.

Bari mu duba abin da ya faru a jiharmu. A watan Mayun 2014 an yi zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar APC da ke mulki ta cinye ciyamomi 44 duka. A watan Fabrairun 2018 haka aka yi. A watan Janairun 2021 ma haka, ciyamomi 44 da kansiloli 484, duk na APC. Sai mulki ya juya a 2023. Ranar 26 ga Oktoba, 2024 aka sake zaɓe, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin, wato NNPP, ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484. Ko ɗaya ba ta bari ba.

Kun ga ba wata jam'iyya ɗaya nake zargi ba. Duk wadda ta hau, haka take yi. Ba kuma Kano kaɗai ba ce. Maƙwabtanmu Jigawa sun yi nasu a watan Oktoban 2024, jam'iyyar gwamna ta ɗauke ciyamomi 27 duka. Katsina ta yi a watan Fabrairun 2025, jam'iyyar gwamna ta ɗauke 34 duka. Ku tambayi kanku. A ƙauyenku, ko limamin masallaci za a naɗa, bakin kowa yana zuwa ɗaya? To yaya za a yi mazaɓu 484 su zama babu ko ɗaya da ta saɓa? Gaskiya ne wani lokaci 'yan adawa da kansu ke ƙin shiga. Amma ƙin shigar ma alama ce. Babu mai zuba irinsa a gonar da ya san wani ne zai girbe.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024. Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai ƙarar jihohi 36. Kotun ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa ba su kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ta kuma ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kada a ba ta kasonta. Wannan ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen yin zaɓe a ƙarshen wannan shekara. Mu ma a lokacin kwamitocin riƙo ne a ƙananan hukumominmu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, wannan wani zance ne na wata rana. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan kuɗi zai shigo hannun ciyaman kai tsaye, to maganar wa ya ɗora ciyaman ta fi da muhimmanci.

Zaɓenmu na 2024 bai zo da sauƙi ba. Da farko hukumar ta sa kuɗin fom naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila. Wasu jam'iyyu suka garzaya kotu. Kotu ta hana karɓar wannan kuɗi. Sai hukumar ta rage miliyan ɗaiɗai, ya koma miliyan 9 da miliyan 4.

Ina so mu tsaya a nan mu yi lissafi. A wannan shekara ta 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a wata. Idan ka raba miliyan 4 da 70,000, za ka sami wata 57. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan shekara 5, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar neman kansila. Kai manomi, ka je da farashin kasuwarku ka ƙirga buhun gero nawa ke nan. A nan ƙasarmu gonaki ƙanana ne, an rarraba su gado bayan gado. Magidanci nawa ne zai iya fitar da wannan kuɗi ko da ya sayar da shanun hudarsa? Saboda haka malamin makarantar da kowa ya yarda da amanarsa ba zai iya tsayawa ba. Shugaban ƙungiyar manoma ba zai iya ba. Mace kuwa ba a ma maganarta. Wanda zai tsaya shi ne wanda wani babba ya biya masa. Wanda aka biya wa kuma, ya hau kujera da bashi a wuyansa, kuma kun san daga inda zai biya.

Ana saura kwana 4 zaɓe, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce shugaban hukumar da mambobinta ba su cancanta ba, domin a ganinta 'yan jam'iyya ne. Babbar Kotun Jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe. Aka yi zaɓe. Daga baya, a 2025, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin kotun tarayyar, ta ce ba hurumin wannan kotu ba ne. Ba zan shiga tsakanin alƙalai ba. Amma mai ƙuri'a ya wayi gari bai san ko ya fita ko ya zauna ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai gyara a dokar.

To, wane gyara ake nema?

A watan Yulin 2024, Sanata Sani Musa daga Jihar Neja ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa. Ƙuduri shi ne doka wadda ba ta nuna ba tukuna, ana kan shawara a kanta. Ƙudurin nasa ya nemi a kafa sabuwar hukuma ta ƙasa wadda aikinta kawai zaɓen ƙananan hukumomi. Za ta sami shugaba da kwamishinoni 6, shugaban ƙasa ya naɗa su, Majalisar Dattawa ta amince, a riƙa yin zaɓen duk bayan shekara 4. Wasu kuma suka ce ba sai an kafa sabuwa ba, a miƙa wa INEC kawai. Wannan shawara ba sabuwa ba ce. Tun a 2008, kwamitin gyaran zaɓe da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a shigar da hukumomin jihohi cikin INEC. Ba a yi ba.

Masu son a kai zaɓen Abuja suna da hujja. Suna cewa a dubi ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya, inda INEC ke shirya zaɓe. A watan Fabrairun 2022, APC ta ci 3, PDP ta ci 3. Suna cewa ga bambanci nan a fili. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba.

Masu ƙi su ma suna da tasu. Suna cewa aikin da ke kan INEC ya riga ya yi mata yawa. Suna cewa ita ma ba a rasa kuka da ita ba, kusan duk zaɓen gwamna sai an ƙare a kotu, mu Kanawa shaida ne a 2019 da 2023. Suna kuma tambaya: idan gwamna ya naɗa alƙali an ce ba daidai ba, don me zai zama daidai idan shugaban ƙasa ya naɗa? Shi ba shi da jam'iyya ne? Idan hukumar jiha ta cuce ka, Kano ce, ka shiga mota da safe ka dawo da la'asar. Idan ta Abuja ce fa?

Ni a nawa ganin, sauya wa tuwo suna ba ya sauya masa ɗanɗano. Ciwon ba a sunan hukumar yake ba. Yana wurin wanda ke naɗa ta, da wanda ke riƙe da kuɗinta, da kuma yadda ake ƙirga ƙuri'a. Kwamitin Uwais ya gane haka, domin ya ce ko shugaban INEC kada a bar shugaban ƙasa ya zaɓo shi shi kaɗai, a bar majalisar alƙalai ta ƙasa ta tace masu nema. Wannan ma ba a karɓa ba. Duk ƙudurin da bai taɓa waɗannan wurare ba, ko daga Kano ya fito ko daga Abuja, an dai gudu ne ba a tsira ba.

Yanzu ga wurin da ku kuke da hannu. Hukumar zaɓen jiha a cikin tsarin mulki take. Majalisar Dattawa ba za ta iya rushe ta da doka ta yau da kullum ba. Sai an gyara tsarin mulkin kansa. Gyaransa kuwa sai kashi biyu cikin uku na sanatoci da na 'yan Majalisar Wakilai sun yarda, sannan a aika wa jihohi, majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Ba abu ne mai sauƙi ba. A 2022 majalisun tarayya sun amince a ba ƙananan hukumomi 'yancin riƙe kuɗinsu, amma da aka kai jihohi ba a sami 24 ba, maganar ta mutu. Kun ga ke nan duk inda aka zaga, sai an biyo ta majalisar dokokinmu ta Kano. Tana da mambobi 40. Yawancin ƙananan hukumomi kowace da nata ɗan majalisa, wasu kuma an haɗa su biyu-biyu, kamar Bagwai da Shanono, ko Rimin Gado da Tofa. Duk ranar da irin wannan gyara ya iso gabansu, wanda kuka tura zai ɗaga hannu ko ya ƙi. Kuna da haƙƙin ku san wanne zai yi.

Ba kuma dole sai an jira Abuja ba. Akwai abubuwan da majalisar jiha za ta iya gyarawa da kanta. Za ta iya rubuta kuɗin fom a cikin doka, ta sa shi daidai ƙarfin talaka, yadda hukuma ba za ta wayi gari ta yanka abin da ta ga dama ba. Za ta iya tsayar da lokacin zaɓe, ta ce dole a yi shi kafin wa'adin masu ci ya ƙare. Waɗanda aka zaɓa a 2018 da 2021 shekara 3 suka yi, kowa ya san ranar saukarsu tun ranar da suka hau, don haka babu dalilin a ce lokaci ya ƙure. Za ta iya cewa a sakar wa hukumar kuɗinta da wuri, ba sai ta yi ta zarya gidan gwamnati ba. Kuma idan gwamna ya aiko da sunayen waɗanda zai naɗa, majalisa tana da ikon ta ƙi wanda aka san ɗan jam'iyya ne. Wannan ikon tana da shi tuntuni, amfani da shi ne ya rage.

Amma wanda ya fi duka a wurina shi ne ƙirga ƙuri'a a rumfa. Dattawan da ke nan za su tuna zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990, zamanin SDP da NRC, wanda muke kira ƙato bayan ƙato. Kowa ya bi layin ɗan takararsa, a ƙirga kawuna a gaban jama'a. Yana da aibinsa. Wanda ke noma gonar aro yana tsoron mai gona ya gan shi a wani layi. Matar aure tana duban layin da maigida ya shiga. Shi ya sa ƙuri'ar sirri ta fi. Amma yana da abu ɗaya mai kyau: kafin kowa ya watse ya san adadin. Wannan shi ne abin da bai kamata mu rasa ba. A dangwala a ɓoye, a ƙirga a fili. A zazzage akwati a nan rumfar, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu kowa ya karɓi tasa, a liƙa ɗaya a bango. Sannan idan hukuma za ta faɗi sakamako, kada ta tsaya a cewa wane ya ci. Ta faɗi ƙuri'a nawa kowa ya samu, rumfa rumfa. Idan an yi haka, duk wanda ya iya karanta lamba ya zama mai gadin ƙuri'ar ƙauyensu. Ya kwafe adadin a littafinsa, gobe ya gwada da abin da aka faɗa a rediyo.

Dokar zaɓe ta ƙasa ta 2022 ta ce jihohi su bi irin matakan da INEC ke bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, kuma zaɓen da ya saɓa wa haka bai inganta ba. Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A watan Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Ribas na Oktoban 2024 saboda rashin bin ƙa'idar wannan doka.

Wani zai ce a kawo na'ura a huta. Kaduna ta gwada. A 2018 ta gyara dokarta ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, ta sake a 2021, kuma a duka biyun jam'iyyar adawa ta sami wasu kujerun ciyaman. A 2024 majalisar jihar ta sake gyara dokar aka koma takarda, jam'iyyar gwamna ta ɗauke ciyamomi 23 duka. Majalisar jiha ce ta kawo, majalisar jiha ce ta ɗauke. Wannan ya nuna muku irin ƙarfin da ke hannun waɗannan mutane da muke zaɓa mu manta da su.

Ga yadda ƙuduri ke tafiya a majalisa. Ana yi masa karatu na ɗaya, wato a gabatar da shi. A karatu na biyu a yi muhawara. Daga nan a miƙa wa kwamiti. Kwamitin yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a. Sai karatu na uku, sannan a kai wa gwamna ya sa hannu. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mayar da shi doka ba da hannunsa ba. Zaman jin ra'ayi shi ne ƙofarku. Ba a ce sai lauya ba, ba a ce sai mai Turanci ba. Ƙungiyar manoma ko ta masu noman rani a Watari ko Tomas, ko ƙungiyar mata masu adashi, za ta iya rubuta takarda ta aika, ko ta tura wakili.

Iyayena mata, ku ma da ku nake. Kafin 1976 matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai da irin su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka sha wuya a kan haka. Kuma zaɓen ƙananan hukumomi ne ƙofar da kuka fara shiga ta cikinta. Idan za a rubuta takarda daga garinku, a sa bakinku a ciki.

Takardar ba ta bukatar tsawo. Ku rubuta sunan ƙungiyarku da garinku da mazaɓarku da kwanan wata. Ku faɗi abin da kuke so a sa a doka, ɗaya bayan ɗaya, a taƙaice. Shugaba da magatakarda su sa hannu, sauran su dangwala. Ku yi kwafi biyu, ku kai ɗaya ofishin ɗan majalisarku, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan taku, ku adana. Idan ya zo gida ta'aziyya ko ɗaurin aure, a bar maganar taki da shinkafa na ɗan lokaci, dattijo ɗaya ya tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, ina aka kwana a kan takardarmu, kuma idan maganar zaɓen ƙananan hukumomi ta zo gabanku, ina za ka tsaya?

Mai tambaya yana iya yi yanzu.